Ɗakunan Tsaron Bakin Teku: Daga Gaɓar Ingila Zuwa Tsohon Filin Jirgin Tamale

Wata Lahadi da yamma ina zaune a ƙofar gidanmu a Sakasaka, sai ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo mini hoto ta WhatsApp. Wani ɗan ɗaki ne na kankare mai kusurwa shida, ya karkace a cikin yashin bakin teku, ruwa na dukan gefensa. Ba shi da taga, sai 'yan ramuka masu faɗin tafin hannu biyu a kowane bango. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Yaya, kai da kake son tsofaffin abubuwa, faɗa mini ko mene ne wannan."

Na ce masa rumbun masunta ne. Ya yi mini dariya, ya ce ɗakin tsaro ne na zamanin yaƙin Hitila, kuma irinsa sun fi dubu shida a ƙasar. Turawan suna kiransa da sunan ɗan akwatin nan da ake zuba ƙwayoyin magani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganarsa ta ƙarshe: akwai rajistar da aka rubuta waɗannan ɗakuna a ciki, kowanne da wurinsa da irin gininsa. Tun daga ranar nake tambayar kaina: wannan yaƙi ya ci mutanen garinmu, to me ya bari a ƙasarmu, kuma wa ya ƙirga?

Ginin da tsoro ya sa aka yi

Daga 26 ga Mayu zuwa 4 ga Yunin 1940 aka kwashe sojoji kimanin 338,000 na Birtaniya da ƙawayenta daga Dunkirk, a arewacin Faransa. Sun tsira da rayukansu, amma sun bar tankoki da igwogi da motoci a hannun Jamusawa. Ranar 22 ga Yuni Faransa ta sa hannu a kan takardar ajiye makami. Ruwan da ya raba Ingila da Faransa, a inda ya fi ƙunci, bai fi kilomita 34 ba. Kowa a Landan ya ɗauka yau ko gobe Jamusawa za su tsallako.

Janar Edmund Ironside, wanda aka ɗora wa tsaron cikin gida, ba shi da isassun motoci da makaman da zai yi yaƙin kai-komo. Abin da ƙasar take da shi shi ne siminti da tsakuwa da magina. Ma'aikatar yaƙi ta fitar da wasu zane-zane kaɗan, aka raba wa 'yan kwangila, aka shiga zuba kankare dare da rana a bakin teku, da bakin koguna, da gindin gadoji, da mahaɗar hanyoyi. Wanda aka yi don tare harsashin bindiga, kaurin bangonsa bai kai rabin mita ba. Wanda aka yi don jure harbin igwa kuwa, bangonsa yakan kai mita guda. A tsakiyar da yawa daga cikinsu akwai wani ɗan bango, domin harsashin da ya shigo ta rami ɗaya kada ya yi tsalle ya sami sojan da ke tsaye a ɗaya ramin. Wasu an yi musu shigar burtu: a mayar da ɗaki kamar tarin ciyawa, ko rumfar jiran mota, ko gidan manomi.

An gina kimanin 28,000. A watan Yuli aka sauke Ironside, aka naɗa Janar Alan Brooke, wanda bai yarda da soja ya zauna cikin akwati yana jiran abokin gaba ba. Ranar 17 ga Satumba Hitila ya ɗage shirin tsallakowar, bai kuma sake komawa kansa ba. Haka ɗakunan suka tsufa ba su ga maƙiyin da aka gina su dominsa ba. Kimanin 6,500 sun rage. Wasu jemagu ne ke kwana a ciki. Wasu, a gaɓar gabashin Yorkshire inda teku ke cin ƙasa, sun gangaro daga kan tudu sun faɗo cikin yashi, kamar wanda ƙanena ya ɗauka.

Daga 1995 zuwa 2002, Majalisar Binciken Kayan Tarihi ta Birtaniya ta jagoranci wani aiki inda 'yan sa-kai kusan 600 suka bi ƙasar, suka rubuta wuraren soja na ƙarni na ashirin kusan 20,000. Mutanen gari ne, da littafin rubutu da abin awo da kyamara. Wannan ita ce rajistar da ƙanena yake nufi.

Inda kankaren ya yi magana

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa ɗakunan tsaron Ingila sun yi shiru har yaƙi ya ƙare, amma igwogin bakin tekun Afirka ta Yamma sun yi harbi, sun kuma kori rundunar jiragen ruwa.

Bayan faɗuwar Faransa, Faransawa sun rabu biyu. Akwai gwamnatin Vichy ta Marshal Petain, wadda ta yi sulhu da Jamus, akwai kuma Janar de Gaulle da ya tsere Landan ya ce a ci gaba da yaƙi. Babban gwamnan yankin Afirka ta Yamma na Faransa, Pierre Boisson, ya tsaya tare da Vichy. Ranar 23 ga Satumban 1940 de Gaulle ya iso gaban Dakar tare da jiragen yaƙin Birtaniya, yana sa ran garin zai buɗe masa ƙofa. Abin da ya tarar shi ne wuta daga igwogin da aka girke a tsibirin Gore da Cap Manuel, da kuma na babban jirgin yaƙin nan Richelieu da ke tsaye a tasha. Mutanensa sun gwada sauka a Rufisque, aka mayar da su. A rana ta uku wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Vichy ya yi wa jirgin Birtaniya mai suna Resolution mummunar illa, rundunar ta juya ta tafi. Wanda ya je Gore a yau, in ya hau tudun da ake kira Castel, zai tarar da manyan igwogi da ɗakunan kankare na wancan zamani suna kallon teku.

Abin da wannan ya jawo wa ƙasarmu a fili yake. Gold Coast, wato Ghana ta yau, ta wayi gari da ƙasashen Vichy a yamma, da arewa, da gabas, ga teku a kudu inda jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus ke farauta.

Takoradi, abin da ake tsaro

Me ke cikin ƙasar da ya isa a tsare? Tashar jirgin ruwan Takoradi, wadda aka buɗe a 1928. Da Italiya ta shiga yaƙi ranar 10 ga Yunin 1940, tekun Bahar Rum ya zama hanyar mutuwa ga jiragen Birtaniya, ga shi sojojinta a Masar suna neman jiragen sama ruwa a jallo. Kewayawa ta Afirka ta Kudu kuwa tafiyar makonni ce masu yawa. Sai aka koma ga wata dabara: a kawo jiragen sama cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, su tashi su ratsa nahiyar.

Ayarin farko ya tashi ranar 20 ga Satumban 1940, kwana uku kafin harbin Dakar. Hanyar takan bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Njamena ta yau), El Geneina, El Fasher, Khartoum, sannan Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Hanyar ta yiwu ne saboda gwamnan Chadi, Felix Eboue, ya bi de Gaulle tun 26 ga Agusta. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Ta wannan tasha kuma ake fitar da ma'adinin manganis na Nsuta da na gorar ruwa daga Awaso, waɗanda masana'antun makamai ke jira.

Jamusawa sun san da haka. A Janairun 1942 wani jirginsu ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, ya ƙone man jirgi mai yawa. A daren 30 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayun 1943, jirgin ƙarƙashin ruwa guda ɗaya, U-515, ya nutsar da jirage bakwai daga wani ayari da ya taso daga Takoradi zuwa Freetown. Tsoron da ya sa aka zuba kankare a gaɓar Ingila, irinsa ne ya sa Janar George Giffard ya kafa hedikwatar sojan Afirka ta Yamma a Achimota a 1940.

Gaɓar da ba ta da ruwa

Tamale tana nesa da teku fiye da kilomita 400, ko da a miƙe aka auna. Amma a 1940 ita ma tana da gaɓarta. Daga nan zuwa Paga tafiyar kilomita 200 ce ko kusa da haka, kuma daga Paga zuwa gaba ƙasar Vichy ce. A lokacin ma babu ƙasar da ta zama Burkina Faso a taswira, domin Faransa ta rarraba ta a 1932, Wagadugu ta faɗa cikin Kodibuwa. Duk wanda zai kawo wa Takoradi ko Kumasi hari ta ƙasa daga arewa, ta kanmu zai bi. Tamale kuwa ita ce hedikwatar Yankunan Arewa tun 1907, lokacin da Turawa suka taso daga Gambaga.

A ƙarshen 1940 aka share filin saukar jirage a wajen Nyohini, yamma da gari, domin amfanin soja. Shi ne wurin da muka taso muna kira tsohon filin jirgi. Iyakar ƙasa mai tsawon ɗaruruwan kilomita ba ta taruwa da ɗakunan kankare kamar bakin teku. Abin da take bukata shi ne wurin da za a sauke soja da sauri, da masu sintiri, da kunnuwa. Hanyoyin da fatake suka daɗe suna bi da shanu da goro suka zama iyakar ƙasashe biyu da ba sa ga maciji. Mutane kuma ba su daina tsallakawa ba. Wasu hafsoshin Faransa da sojojinsu baƙar fata sun shigo Gold Coast a 1940 domin bin de Gaulle. A Janairun 1942 sarkin Abron na yankin Bondoukou ya tsallako da dubban mabiyansa. Har rediyo ta shiga yaƙin: gidan rediyon ZOY da Gwamna Arnold Hodson ya buɗe a Accra a 1935 ya riƙa watsa labaran yaƙi da harsunan ƙasa, har da Hausa, da kuma Faransanci domin na ƙetaren iyaka. Hankali bai kwanta ba sai ƙarshen 1942, lokacin da Boisson ya koma ɓangaren ƙawance bayan sojojin Amurka da Birtaniya sun sauka a Afirka ta Arewa.

Muna yara mun sha zuwa tsohon filin jirgin da kekuna. Na ga masu koyon tuƙi suna kewaya shi, na ga gidaje suna matso shi shekara bayan shekara. Ban taɓa tambayar wa ya share shi ba, ko kan wa aka ɗora tsakuwarsa, ko gonar wa ce kafin a karɓe. A makaranta an koya mana shekarun da aka gina gidajen bayi na Elmina da Cape Coast, waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Filin da ke bayan gidanmu kuwa fili ne kawai.

Sunayen da muke kira kullum

Akwai wani abin da yaƙi ya bari wanda muke furtawa kowace rana. Duk ɗan Tamale ya san Barikin Kamina. Kamina wani wuri ne kusa da Atakpame a Togo, inda Jamusawa suka gina babbar tashar wayar iska tsakanin 1911 da 1914, mai dogayen turaku na ƙarfe, wadda ke magana kai tsaye da Nauen kusa da Berlin, tana kuma isar da saƙo ga jiragensu a tekun Atlantika. Saboda ita aka kai wa Togo hari da zarar Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. A cikin wannan tafiya ne Alhaji Grunshi, sojan rundunar Gold Coast, ya yi harbin da ake ɗauka shi ne na farko daga sojan Birtaniya a yaƙin baki ɗaya. A daren 24 ga Agustan 1914 Jamusawa suka rusa tashar da hannunsu, ranar 26 suka miƙa wuya. Tubalan kankaren da suka riƙe turakun suna nan a Kamina. Ni da nake cin abinci da rediyo, sai da na girma na san cewa barikin garinmu sunan tashar rediyo ya ci. Labarin kuma ya shafi Dagbon kai tsaye, domin Yendi a lokacin tana hannun Jamus, Tamale tana hannun Ingila.

Haka sauran sunayen suke. Barikin Uaddara a Kumasi sunan wurin da sojojinmu suka gwabza da Italiyawa ne a kudancin Habasha a 1941. Barikin Myohaung a Takoradi sunan garin da suka kama ne a Bama a Janairun 1945. Sansanin Burma a Accra da can sunan Giffard yake ɗauke da shi. Taken rundunar kuwa da harshenmu aka rubuta shi: Kullum Shiri. Hausa ce harshen bariki, ita ke haɗa Badagombe da Bafrafra da Bamoshe da Bazabarme a layi ɗaya, kuma daga Arewa aka daɗe ana ɗibar mafi yawan sojan ƙasa. Kimanin mutum 65,000 ne daga Gold Coast suka sa kaki a Yaƙin Duniya na Biyu.

Wanda ya ga ramin daga waje

A layinmu akwai wani tsoho da kowa ke ce wa Baba Soja. Yakan zauna a kan benci bayan la'asar, rediyonsa a kunne. Ya je Bama. Da na ga hoton ƙanena, shi na fara tunawa, domin ya taɓa ba mu labarin irin wannan ɗaki, sai dai nasa ba na kankare ba ne, kuma shi a waje yake tsaye. Japanawa sukan haƙa rami a gefen tudu, su rufe shi da gungumen itace da ƙasa mai kauri, su dasa ciyawa a kai, su bar 'yar kafa ta bakin bindiga. Sukan jera su yadda in ka tunkari ɗaya, na gefensa zai harbe ka. Ya ce mutum ba ya sanin akwai ɗaki a gabansa sai ya ji na kusa da shi ya faɗi.

Abin da ya faɗa ya dace da abin da aka rubuta game da yaƙin Arakan. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin Kaladan, Runduna ta 82 ta bi bayanta a 1944. Sun fasa hanyar mota fiye da kilomita 100 a cikin duwatsu da kurmi da diga da shebur. Ta sama ake jefo musu abinci. Dubbai daga cikinsu 'yan dako ne, a ka suke ɗaukar harsashi da kayan igwa. Sunayen waɗanda ba a ga gawarsu ba suna jikin ginshiƙan tunawa a maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon. Waɗanda suka dawo kuma suka tarar alkawuran aiki da kuɗin sallama ba su cika ba. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Christiansborg da takardar koke, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta 'yancin 1957.

Ga inda laifina yake. Lokacin da nake karatun aikin jarida an ba mu aron na'urar ɗaukar murya. Na zo hutu da ita, na gaishe shi, na ce: "Baba, ina so wata rana mu zauna ka ba ni labarin Bama, in ɗauka." Ya ce to, ɗana, duk ranar da na shirya. Na tafi ɗaukar muryar 'yan siyasa da 'yan ƙwallo, ina cewa Baba yana nan, ba inda za shi. Kafin hutu na gaba an kai shi makwancinsa. Da na tambayi iyalinsa takardar sallamarsa, suka ce tana cikin akwatin da gara ta ci. Abin da ya rage mini shi ne gutsattsarin da na ji ina yaro, ba sunan tudu, ba shekara, ba sunan abokin da ya faɗi kusa da shi.

Kankare yana iya jira shekara tamanin kafin wani ya zo ya auna shi. Ko shi ma ba har abada ba: teku ta cinye yawancin gidan Prinzenstein da Turawan Denmark suka gina a Keta a 1784. Namu abin tunawar ya fi rauni, domin a bakin mutane yake, da cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado, da filin da kowa ke ganin ya dace da shago.

Abin da bai fi ƙarfinmu ba

Waɗanda suka ƙirga ɗakunan tsaron Ingila ba su jira an naɗa su ba. Mu ma muna da inda za mu fara. Akwai reshen ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a nan Tamale, mai riƙe da fayilolin zamanin Turawa. Akwai Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a 1992, da ɗalibai masu neman abin rubutawa. Akwai hukumar tsofaffin sojoji. Kusan kowane gida kuma akwai wayar da ke ɗaukar murya da hoto.

Waɗanda suka je Bama kusan duk sun tafi, amma 'ya'yansu suna nan a Sakasaka da Zongo da Aboabo da Kalpohin, wasu sun haura saba'in, kuma sun ji abin da jikoki ba su ji ba. A zauna da su. A ɗauki hoton lambar yabo da takardar sallama gaba da baya, a rubuta lambar sojan da ke jiki. A tambayi dattawan Nyohini da Sagnarigu abin da iyayensu suka faɗa game da share filin jirgin. Kome za a yi da filin nan gaba, allo guda mai ɗauke da shekarar 1940 da dalilin share shi, da Dagbanli da Hausa da Turanci, ba zai tare wa kowa hanya ba.

Ni dai na ɗauki nawa kason. Na ware minti goma a shirina na mako domin duk mai tsohon soja a gidansu ya kira ya faɗi sunansa da inda ya je, ina rubutawa a littafi mai bangon kwali. Na kuma gaya wa ƙanena, in ya dawo zan kai shi tsohon filin jirgi da ƙafa, mu auna abin da ya rage.

Allah ya jiƙan Baba Soja da abokan tafiyarsa, na gida da waɗanda ƙasar Bama ta riƙe.